Me ya sa tagulla ke kama zoben benzin ta gefe?

A 1955 Ernst Otto Fischer da ɗalibinsa Walter Hafner suka haɗa wani sinadari a birnin Munich na Jamus, inda atom ɗaya na kuromiyam ya zauna daram a tsakanin zoben benzin biyu (benzin zobe ne na kabon shida, kowanne da haidirojin ɗaya), ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa, kowane kabon cikin 12 ɗin nisansa ɗaya da ƙarfen. Tun daga nan wannan siffa ce ke faɗo wa ɗalibin kimiyyar sinadarai a rai da zarar an ce ƙarfe ya haɗu da zoben aromatik, wato zobe irin na benzin: ƙarfe a tsakiya, zobe shimfiɗe a kansa. Kuromiyam na yin haka, molibdinam na yi, baƙin ƙarfe da rutiniyam ma haka. Tagulla kuwa, ga ta a layi ɗaya da kuromiyam a jadawalin sinadarai, shi na 24 ita ta 29, amma ba kasafai take yarda ta hau tsakiya ba. In ta samu benzin sai ta zame zuwa baki, ta kama kabon biyu ta bar huɗu. Bambancin kamar na mai ɗora faranti a tafin hannu ne da mai riƙe shi ta baki da yatsu biyu. Masana na rubuta adadin kabon da ƙarfe ya taɓa da harafin Girka η, don haka riƙon kuromiyam η⁶ ne, na tagulla kuma galibi η².

Mai hanzari zai ce ai tagulla raguwa ce, ƙarfin riƙo ne ba ta da shi. Wannan amsar ba ta kai ko'ina ba, domin za mu ga alƙaluman da suka ƙaryata ta. Dalilin yana cikin yadda ilektron ɗinta suka jeru.

Tagullar da ake magana a kanta a nan kusan kullum ita ce wadda ta rasa ilektron ɗaya, wato Cu(I). Tagulla mai caji biyu, wadda ke ba gishirinta launin shuɗi, ta fi son oksijin da naitirojin, ba ta cika zama da kabon ba. Cu(I) na da ilektron 10 a obital ɗinta na 3d guda biyar (obital gurbi ne da ilektron ke zama a kewayen atom, kowanne na ɗaukar biyu), ma'ana duk sun cika maƙil, babu masaka tsinke. Wurin da ya rage mata na karɓar baƙo shi ne obital na 4s, sai kuma na 4p guda uku da ke can sama, masu wuyar kaiwa. Shi kuma benzin yana da ilektron shida da ke yawo a sama da ƙasan zoben, a cikin obital uku. Na ƙasan cikinsu ya rufe fuskar zoben gaba ɗaya da alama iri ɗaya, amma ya nutse sosai, benzin ba ya son bayar da abin da ke cikinsa. Biyun da ke sama su ne masu sauƙin bayarwa, sai dai kowannensu ya raba fuskar zoben gida biyu: rabi mai alamar tarawa a lissafi, rabi mai alamar ɗebewa.

Nan gizo ke saƙa. Obital na 4s dunƙulalle ne, alamarsa ɗaya ta kowane ɓangare. In tagulla ta tsaya daidai kan tsakiyar zobe, abin da 4s ya samu daga rabin tarawa, rabin ɗebewa zai share shi tas, a tashi babu komai. Kuromiyam bai da wannan matsala, domin yana da obital biyu na d waɗanda babu kowa a ciki, kuma su ma a rabe suke gida biyu daidai da na benzin, sai su dace da juna. A wurin tagulla waɗannan obital biyun cike suke, in suka haɗu da cikakkun obital na benzin turereniya kawai za a yi. Amma in ta matsa zuwa baki, ta tsaya kan kabon biyu da ke cikin rabi ɗaya, sharewar ta kau, 4s ya samu abin kamawa. Robert Mulliken ne ya shimfiɗa wannan hujja a farkon shekarun 1950, yana magana a kan azurfa, maƙwabciyar tagulla ta ƙasa a jadawali, wadda ita ma obital ɗinta na d cike suke. Hotunan kiristal da Robert Rundle da abokan aikinsa suka ɗauka na gishirin azurfa haɗe da benzin sun nuna azurfar a gefe take, ba a tsakiya ba.

Tagulla ta biyo baya a shekarun 1960. Turner da Amma suka warware tsarin C₆H₆·CuAlCl₄ da hasken eksire, suka tarar kowace tagulla na kewaye da kulorin uku, gurbi na huɗu kuma gefen benzin ne ya cike shi. Nisan tagulla da kabon biyun ya kai pikomita 215 da 230. Pikomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita, kuma tsakanin kabon da kabon a benzin wajen 140 ne. A lura ko kabon biyun ma ba ta riƙe su daidai ba, ta fi karkata ga ɗaya. Bayan haka Robert Salomon da Jay Kochi, a farkon shekarun 1970, suka dafa Cu₂O da sinadarin tirifilik anhaidiraid a cikin benzin, suka samu farin kiristal mai tagulla biyu ga kowane benzin ɗaya. Dines da Bird suka nuna tsarinsa a 1973: benzin ya zama gada tsakanin tagulla biyu, kowacce ta kama nata gefen, oksijin na tirifilet, ɓangare mai caji da ya fito daga wancan sinadari, kuma suna sarƙe su jere-jere. A duk waɗannan, shi zoben bai ji jiki ba. Yana nan a shimfiɗe, tsawon ɗaurinsa bai sauya a zo a gani ba, kuma in aka narkar da sinadarin, benzin da ke jikin tagulla da wanda ke yawo a ruwan suna musayar wuri cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ga alƙaluman da na yi alkawari. Peter Armentrout da mutanensa a Jami'ar Utah ta Amurka sun auna ƙarfin riƙo tsakanin ayon ɗaya, wato atom mai caji, da benzin ɗaya a cikin sarari, inda babu ruwa babu wani abokin takara. Na Cu⁺ ya kai kilojul 218 a kowane mol. Na litiyam 161, na azurfa 156, na sodiyam bai kai 100 ba. Kwatancin da ya fi faɗakarwa shi ne na litiyam, domin cajinsu ɗaya da Cu⁺, girmansu ma kusan ɗaya, pikomita 76 da 77. Da jan caji ne kawai ke aiki, da sun yi kunnen doki. Rarar da tagulla ta samu ta fito ne daga tarayyar ilektron ta gaske. Akwai kuma wata dabara da take da ita: tana iya gauraya 4s da ɗaya daga cikin obital na 3d, ta kwashe ilektron daga kan hanyar da baƙo zai biyo ta tura su gefe, baƙon ya samu ya matso kusa. Kuɗin wannan gaurayawa shi ne tazarar da ke tsakanin d da s, wadda a Cu⁺ ta kai ilektron-bolt 2.7, a azurfa 4.9, a zinariya 1.9. Shi ya sa azurfa ta fi su rauni duk da tana tsakiyarsu, kuma shi ya sa tagulla da zinariya ke son zama da abokai biyu kacal, ɗaya gaba ɗaya baya, a miƙe sambal.

To in riƙon ya kai haka, me ya sa ake ce masa mai rauni? Saboda a cikin kwalba ba a sarari ake ba. Duk abin da ke da ilektron biyu a shirye, masu nuni waje ɗaya, ya fi benzin iya cika 4s. A zuba asetonaitiril, wani ruwan narkarwa mai naitirojin, nan take guda huɗu su kewaye tagulla su kori benzin. Haka fosfin mai fosforas, haka amin mai naitirojin, haka kulorid in yana sake. Ruwa ma ya fi muni, domin a cikinsa Cu(I) biyu sukan rikiɗe, ɗaya ta koma ƙarfe zalla ɗaya ta koma Cu(II). Ba a ganin tagulla da benzin tare sai an kawar da duk waɗannan, an bar ta da abokin caji, wato ayon mai kishiyar cajinta, marar kwaɗayi irin su tirifilet ko AlCl₄⁻.

Littattafai kan bayyana irin wannan ɗauri da tsarin da Michael Dewar ya kawo a 1951, Joseph Chatt da Duncanson suka faɗaɗa a 1953: kabon ya ba ƙarfe ilektron, ƙarfe kuma ya mayar da wasu daga cikakkun d nasa zuwa obital na kabon da ke wofi. Mutum zai zaci tagulla, da take da d har 10, za ta fi kowa mayarwa. Ba haka ba ne. A ƙarshen layin, cajin cibiyar atom ya ja waɗannan d ɗin ciki sosai, sun ƙanƙance, ba sa leƙowa. Kabon monoksaid ne ma'aunin da aka saba gwadawa da shi. In yana shi kaɗai, girgizarsa a na'urar infared 2143 ce a kowace santimita, kuma duk ƙarfen da ya mayar masa da ilektron sai lambar ta sauka. A jikin kuromiyam takan sauka zuwa wajen 2000. A jikin Cu⁺ da ba ta da wasu abokai masu ciyar da ita, lambar ma hawa take yi ta wuce 2143. Sai an kewaye tagullar da naitirojin masu yalwar ilektron take saukowa kusa da 2080. Ke nan mayarwar tana nan amma 'yar kaɗan ce, kuma da benzin ta fi ƙanƙanta, domin in zoben ya karɓi ilektron da yawa ta gefe ɗaya, daidaiton da ya sa shi aromatik zai lalace, shi kuwa ba ya sayar da wannan da arha.

Duk da haka ƙofar η⁶ ba a kulle take ba. A ƙidayar da aka saba, ƙarfe na neman ilektron 18 ne. Cu(I) na da 10, benzin ya kawo shida, wani abokin ya kawo biyu, lissafi ya cika. An daɗe ana jiran ganin wannan a zahiri ba tare da an ɗaure zoben da igiyar sinadari an tilasta masa ba. A 2015 ɗakin binciken Trevor Hayton a Santa Barbara ya fitar da shi: tagulla mai fosfin ɗaya a bayanta, a gabanta kuma benzin mai metil shida (metil kabon ɗaya ne da haidirojin uku), tana zaune a tsakiyarsa. A 2018 Shabana Khan da mutanenta a Pune ta Indiya suka samu irinsa da benzin tsura, inda suka sa wani sinadarin silikon a madadin fosfin. A duba sharuɗan: abokin caji ya yi nesa, aboki ɗaya tak a ɗaya ɓangaren, tagullar na cikin yunwa. A irin wannan hali ko 4p da ke can sama sai a taɓo su. Zoben kabon biyar mai caji, wanda ake taƙaita sunansa Cp, ya fi sauƙin hali tun da can. Geoffrey Wilkinson da Piper sun haɗa shi da tagulla da fosfin a 1956, aka fara zaton kabon ɗaya ta kama, sai a 1970 Albert Cotton da abokan aikinsa suka nuna duka biyar ne. Cajin da ke kan zoben ya ɗaga obital ɗinsa sama, ya kusanto da su ga na tagulla. Amma zobe biyu a kan tagulla ɗaya, irin na ferosin, inda baƙin ƙarfe ke tsakanin Cp biyu, ba a ajiye shi a kwalba, domin ilektron 21 zai tara.

Ra'ayina a nan shi ne ana ɗora wa waɗannan lambobi na η nauyin da ya fi ƙarfinsu. Lissafin kwamfuta kan Cu⁺ da benzin ɗaya yana nuna tazarar kuzari tsakanin tsakiya da gefe ƙarama ce, har amsar kan sauya in an sauya hanyar lissafin. In haka ne, matsin maƙwabta a cikin kiristal kaɗai ya isa ya tura tagulla daga nan zuwa can. Sannan wa ya yanke cewa kabon da ke nisan 240 an kama shi, wanda ke 260 ba a kama ba? Mai bincike ne ya ja layin. Abin da ya tabbata shi ne tagulla na zamewa a fuskar zoben ba tare da ta biya kuɗi mai yawa ba, kuromiyam kuwa a kafe yake.

Wannan sakin fuska shi ya ba ta kasuwa. Gishirin Salomon da Kochi, da ɗan'uwansa mai toluwin (benzin mai metil ɗaya), har yau ana sayar da su ga ɗakunan bincike, ba don benzin ɗin ba, sai don yana sauka da zarar an kawo wani abu. Hanya ce ta adana Cu(I) kusan tsirara. Da shi David Evans ya yi aikinsa na 1991 na haɗa zoben kabon uku, inda ake samun siffa ɗaya fiye da kishiyarta ta madubi. A masana'anta kuma kamfanin Tenneco ya fito da tsarin COSORB a shekarun 1970, inda ake narkar da CuAlCl₄ a toluwin a bi da gaurayen iska ta ciki. Kabon monoksaid ya ture toluwin ya hau tagulla, sauran iskar ta wuce, sannan a ɗumama ruwan ya sake shi. A 2003 Ralph Yang na Jami'ar Michigan ya nuna ziyolait mai Cu(I), wani daskararren abu mai ƙananan ramuka, na tsamo tayofin, zobe mai farar wuta, daga cikin man mota, domin ta ɗan fi son sa a kan benzin. Hatta halitta ta san dabarar. A jikin wani furotin na ƙwayar E. coli mai suna CusF, wanda aikinsa kwashe tagullar da ta yi yawa ne, an ga farar wuta biyu da naitirojin ɗaya sun riƙe ta, zoben tiriftofan, ɗaya daga cikin amino asid na furotin ɗin, kuma ya rufe ta ta gefe.

Duk abin da ya gabata riƙo ne ta fuska, zoben na nan da haidirojin ɗinsa shida. Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi tsufa kuma a ganina ta fi ban mamaki: a cire haidirojin ɗaya, tagulla ta maye gurbinsa. Reich ya ba da rahoton fenil-tagulla a 1923 (fenil shi ne benzin da aka cire wa haidirojin ɗaya), Henry Gilman ya sake nazarinsa a 1936. Gari ne da ba ya narkewa a yawancin ruwan narkarwa, iska na lalata shi, in ya ji ɗumi kuma sai zobe biyu su haɗe su bar tagulla zalla. Shekaru kusan 50 ana rubuta shi PhCu kamar kabon ɗaya ne da tagulla ɗaya, ba wanda ya ga siffarsa. Sai da aka koyi lallashinsa. Cairncross da Sheppard na kamfanin DuPont suka sa fulorin a jikin zoben a ƙarshen shekarun 1960, abin ya daina rushewa da wuri. Gerard van Koten da Jan Noltes a Utrecht ta ƙasar Holan suka maƙala wa zoben wani hannu mai naitirojin da zai tallafi tagulla, a 1972 aka samu hoton kiristal. Abin da aka gani tagulla huɗu ne a dunƙule, zobe huɗu, kowane zobe ya sa kabon ɗaya tak ya riƙe tagulla biyu.

Mesitil-tagulla ya fi kowanne kyan gani. Mesitil zoben benzin ne mai metil uku, biyu daga cikinsu na gadin kabon da ke riƙe da ƙarfe. Tsuda da Saegusa a Kyoto suka haɗa shi a 1981, rawaya ne, yana narkewa a toluwin, yana jure ɗumi. A 1983 ɗakin binciken Carlo Floriani ya nuna tsarinsa: tagulla biyar a da'ira, mesitil biyar a tsakankaninsu ta waje, gaba ɗaya kamar tauraro mai tsini biyar. Kowace tagulla na da kabon biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kusan a miƙe, nisan kowanne wajen pikomita 200. Daga baya aka samu mai huɗu, a cikin ruwa kuma girman dunƙulen kan sauya.

Me ya kawo wannan taro? Zancen 4s ne dai. Tagulla ɗaya da aril ɗaya, wato zobe irin su fenil ko mesitil, ilektron 12 kawai suke da shi a kewayen ƙarfen, ga shi tana son abokai biyu, ɗaya kawai ta samu. Kabon kuma ilektron biyu gare shi na bayarwa, ba ƙari. Mafita ita ce a raba: kabon ya nuna ilektron biyunsa zuwa tsakiyar tagulla biyu, atom uku su yi tarayya a kansu. Da haka kowace tagulla ta samu kabon biyu duk da cewa aril ɗaya ne rabon kowacce. Wani abin lura, zoben ba ya kwanciya a layin tagulla biyun, gicciye yake tsayawa. A wannan tsayuwa obital na fuskar zoben, wanda ke kan kabon ɗin gada, ɓangarensa ɗaya na kallon tagullar dama ɗaya na kallon ta hagu, sai ya ƙara ɗan riƙo. Ke nan ko a nan ilektron na fuskar zoben ba su fita daga zancen ba. In gadar ta karkata, sai ka ga kabon ya riƙe tagulla ɗaya kai tsaye, ɗayar kuma tana jingine da fuskar zoben, iyakar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta dushe. Frieder Jäkle da abokan aikinsa sun nuna su a gida ɗaya a 2003: dunƙulen tagulla huɗu mai zobba masu fulorin biyar-biyar, wanda shi kaɗai murabba'i ne, in aka fitar da kiristal ɗinsa daga toluwin sai toluwin biyu su kama tagulla biyu ta η², murabba'in ya lanƙwashe.

A mesitil-tagulla nisan tagulla da maƙwabciyarta wajen pikomita 245 ne, alhali a cikin ƙarfen tagulla kansa 256 ne. Wasu suka ce to ai ɗauri ne tsakaninsu. Roald Hoffmann ya yi lissafi a 1978 ya nuna gaurayar s da p cikin d na iya haifar da ɗan jan juna. Cotton ya tsaya kan cewa kusanci ba shi ne ɗauri ba. Na fi karkata ga Cotton a wannan gida na aril: kabon ɗaya da ke riƙe da atom biyu a nisan 200 da ƙaramar kusurwa dole ya jawo su kusa, ko suna so ko ba sa so. Jan junan na nan, amma ba shi ke riƙe da ginin ba.

Neman aril-tagulla guda ɗaya tilo, wadda ba ta shiga taro ba, ya haifar da wani darasi. A 1988 Lingnau da Strähle suka ba da rahoton sun samu, ta hanyar amfani da zobe mai manyan fenil uku da suka tare hanya. Hoton ya nuna atom mai nauyi a nisan pikomita 189 daga kabon, ba kowa kusa da shi. A 1994 Arne Haaland da abokan aikinsa suka sake duba alƙaluman, suka kawo hujja mai ƙarfi cewa kiristal ɗin, akasarinsa ko ma dukkansa, aril buromid ne da aka fara aikin da shi. Buromin na da ilektron 35, tagulla 29, nisan kabon da buromin kuma wajen 190 ne. Hasken eksire yawan ilektron yake gani, ba ya karanta suna. Waɗanda suka tabbata su ne irin na Philip Power, inda tagullar ke da aboki na biyu: ko aril biyu a miƙe da caji ɗaya, ko babban aril ɗaya da farar wuta a bayanta.

Inda duk wannan ya shafi aikin yau da kullum shi ne haɗin Ullmann. A 1901 Fritz Ullmann ya dafa aril halid, wato zoben da ke ɗauke da halojin irin su kulorin, buromin ko ayodin, da garin tagulla a zafin da ya kai wajen digiri 200, zobe biyu suka haɗe. A 1903 ya haɗa zobe da naitirojin, a 1905 da oksijin, Irma Goldberg kuma ta faɗaɗa shi zuwa amid a 1906. Zafin da yawan tagullar da ake buƙata sun sa aka yi ta guje masa, har faladiyam ya karɓe fagen. Wajen shekarar 2000 Dawei Ma, Stephen Buchwald, Marc Taillefer da wasu suka nuna in aka ba tagulla abokai masu haƙora biyu, wato masu kama ta ta wuri biyu, irin su amino asid ko dayamin, aikin na tafiya a wajen digiri 100 da tagulla 'yar kaɗan. Masu haɗa magunguna suka dawo mata, domin ta fi faladiyam arha nesa ba kusa ba.

Amma me tagulla ke yi wa zoben a wannan tukunya? A 1964 Harold Weingarten ya ce fuskar zoben take hawa, ta janye ilektron, zoben ya yi laushi har naitirojin ko oksijin su kai masa hari. Ya ɗauko hoton ne daga kuromiyam, wanda tabbas yana yin haka. Matsalar ita ce, da hakan ne, da aril fulorid zai fi saurin aiki, kamar yadda aka sani a irin wannan hari. A haɗin Ullmann kuwa ayodid ne kan gaba, sai buromid, sai kulorid, wato daidai da sauƙin tsinkewar ɗaurin kabon da halojin. Theodore Cohen ya kawo wata hanya a 1974: tagulla ta kutsa tsakanin kabon da halojin, ta ba da ilektron biyu, ta zama Cu(III) mai riƙe da aril kai tsaye, sannan ta haɗa aril da abokin ta koma Cu(I). A lissafin da ake yi yanzu kan wannan hanya, sau da yawa matakin farko shi ne tagulla ta kama gefen zoben ta η² kusa da halojin, daga nan ta zame ta shiga. Riƙon fuska bai laushe zoben ba, tashar tsayawa ce kawai.

An daɗe ana kallon aril-Cu(III) a matsayin zato, har Xavi Ribas na Girona a Sifen da abokan aikinsa suka kama ta a 2002, a cikin wani keji mai naitirojin uku da aka ɗinka a jikin zoben. Tagullar na zaune a shimfiɗe cikin abokai huɗu, nisanta da kabon wajen 190. A 2010, tare da Shannon Stahl, suka nuna matakan biyu da ido: a zuba asid, aril da halojin su haɗe a bar Cu(I), a cire asid, tagulla ta sake kutsawa. Sai dai keji keji ne, ya riƙe komai a inda ake so, kuma ba ya tabbatar da cewa ayodobenzin sakakke haka yake yi. Ita kanta lambar III an yi ta ja-in-ja a kanta. James Snyder ya ce tun 1995, game da tagulla mai CF₃ huɗu, ilektron ɗin da ake cewa ta bayar ba su bar ta ba, kabon ne suka yi asara. Kyle Lancaster na Jami'ar Cornell ya auna irin waɗannan sinadarai da dama da hasken eksire a 2019, ya tarar d ɗinsu sun fi kusa da cika fiye da takwas ɗin da lambar ke nufi. Wasu masana ba su yarda a jefar da lambar ba, tunda tana hasashen siffa da halin sinadarin daidai. Hujjar Snyder da Lancaster dai ta dace da abin da kabon monoksaid ya nuna, cewa tagulla ba ta sakin d ɗinta da sauƙi.

Akwai kuma hanya ta uku, inda tagulla ke jefa wa aril halid ilektron ɗaya, halojin ya faɗi, a samu aril mai ilektron guda marar aboki. Ana gwada wannan da tarko: a maƙala wa zoben wata jela mai ɗaurin kabon biyu kusa da halojin, wadda in irin wannan aril ya samu, nan take zai cafke jelar ya rufe sabon zobe. John Hartwig da mutanensa sun yi gwajin a 2008 da tagulla mai abokan naitirojin a cikin zafi, jelar ta fito lafiya lau, ba a rufe zobe ba. A 2012 Gregory Fu da Jonas Peters na Caltech suka yi haɗin kabon da naitirojin da tagulla ta hanyar haska fitila, ba tare da dafawa ba, suka saka irin wannan tarko, zoben ya rufe.